Core i3 ko Core i9: wane farosesa ne zai jure aikinka da zafin Garwa?

A cikin mako guda mutum biyu suka zo shagona da tambaya iri ɗaya, amma aikinsu da aljihunsu sun yi hannun riga. Ta farko wata Hajiya ce mai sakatariya, inda ake buga takardu, a yi fotokofi, a cike wa ɗalibai fom ta intanet. Tana son ƙarin kwamfutar tebur guda biyu, kuma tun daga bakin ƙofa ta ce, "Malam, ni dai i7 nake so, an ce shi ne mai ƙarfi." Na biyu ɗan yayata ne, mai ɗaukar bidiyon biki da suna yana haɗawa. Shekara biyu yana tari, ya zo da takarda a hannu ya rubuta Core i9-13900K, har ya ja masa layi biyu a ƙasa. Ya ce, "Kawu, in na sayi wannan na huta ke nan."

Dukansu na hana su abin da suka zo nema, kuma dalilan da na ba su ba ɗaya ba ne.

Bari in fara da na Hajiya, don shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane a kasuwarmu. Sunan i3 da i5 da i7 da i9 na farosesoshin kamfanin Intel ne (farosesa shi ne ƙwaƙwalwar kwamfuta), kuma matsayi ne a cikin 'yan gida ɗaya, wato waɗanda aka fitar a tsara ɗaya. Ba ya gaya maka shekarun abin. Shekarun suna cikin lambar da ke biye: i7-4770 na tsara ta 4 ne, ya fito a 2013, i3-12100 na tsara ta 12 ne, ya fito a farkon 2022. Dukansu zuciya huɗu gare su da zare takwas (zuciya ita ce kowane ma'aikaci da ke cikin farosesa, haka muke kiranta a nan, zare kuwa yawan layin aikin da za su iya riƙewa lokaci guda). Amma shekara tara ke tsakaninsu, kuma ƙaramin na yau ya yi wa babban na jiya fintinkau a gudu, ga shi an rubuta masa cin wutar wat 60 yayin da tsohon ke da 84. Mai sayar da kwamfutocin gwanjo da ake shigowa da su ta Duwala zai nuna maka tambarin i7 a gaban akwati, kai kuma sai ranka ya kwanta. Abin da za ka tambaya shi ne lambar gaba ɗaya.

Akwai kuma maganar Windows. Microsoft ya daina ba Windows 10 sabuntawar tsaro ta kowa da kowa tun 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance yana karɓar Intel ne daga tsara ta 8, na kamfanin AMD kuwa daga jerin Ryzen 2000 zuwa sama. Masu gyara sun san yadda ake tilasta masa ya hau tsohuwar na'ura, ni ma na sani, amma wurin da ake shigar da lambobin katin shaida da takardun jarrabawar 'ya'yan mutane bai kamata ya tsaya a kan dabara ba. Shi ya sa na ce wa Hajiya ta manta da i7 na tsara ta 3 ko ta 4, ta ɗauki Dell OptiPlex ko HP na ofis mai i5-8500. Zuciya shida ne, wat 65, na 2018, kuma an ƙera waɗannan akwatunan don su wuni a kunne. Muka sa wa kowace ram giga 16 (inda kwamfuta ke riƙe aikin da take kai a lokacin) da SSD (dis ɗin ajiya marar juyi). A wurin aikin sakatariya, SSD ɗin nan ya fi kowane farosesa canza rayuwa: tsohon dis mai juyi yana karanta abin da bai wuce mega 150 a daƙiƙa ba, SSD na SATA yana kai wa 500, na NVMe kuwa dubbai. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mini ana cewa "farosesa ya gaji", dis ne ya gaji.

Wanda yake son sabuwa fil, masu arahar da nake yarda da su uku ne. Core i3-12100 gudunsa yana hawa har giga 4.3, yana zuwa da fankarsa a cikin kwali, kuma Word da Excel da Sage da burauza mai shafuka ashirin ba sa sa shi gumi. Core i5-12400 zuciya shida ne da zare 12, shi ne wanda nake ba mai Photoshop ko CorelDraw da ke buga katin gayyata da banoni. Sai Ryzen 5 5600G na AMD, zuciya shida shi ma, wat 65, wanda ɓangaren hoton da ke cikinsa ya fi na waɗancan biyun ƙarfi, har yaro zai iya buga ƙwallo a kai ba tare da katin hoto ba, muddin an sa ram sanda biyu maimakon ɗaya, don hoton nasa daga ram yake sha.

A nan akwai rami guda da mutane ke faɗawa. Duk farosesan Intel da sunansa ya ƙare da F, kamar i3-12100F ko i5-12400F, ba shi da ɓangaren hoto ko kaɗan. Za ka haɗa komai, ka kunna, allo ya zauna baƙi wuluk har sai ka sayo katin hoto. Haka Ryzen 5 5500 da 5600 marasa G a ƙarshe. An fi sayar da su da rahusa, shi ya sa suke jan ido, amma rarar da ka samu ba za ta sayi ko rabin katin ba.

To, mu dawo kan ɗan yayata, don nasa ne ya fi buƙatar zama.

Ban ce masa i9-13900K ba shi da ƙarfi ba. Zuciya 24 gare shi, takwas manya da sha shida ƙanana, zare 32, yana taɓa giga 5.8. Takwaransa na AMD, Ryzen 9 7950X, zuciya 16 ne duk manya, zare 32. Dodanni ne. Tambayar ita ce wane irin aiki ne yake cin moriyar wannan taron. Na ba shi misali da lodin albasa: in tirela ce za a cika da buhuna, leburori 24 za su gama kafin huɗu su kai rabi, domin aikin yana rabuwa. Amma in aikin wuyan babbar riga ne, allura ɗaya ce ke shiga, ko ka tara maɗinka ashirin guda ɗaya ne zai riƙe ta, sauran su zuba ido. Fitar da bidiyo bayan an gama haɗawa, da zana gini ya fito kamar hoto a Blender ko V-Ray, da matse manyan fayiloli, lodin albasa ne. Buga takarda, lissafin shago, yawo a intanet, har ma yawancin zanen AutoCAD, aikin allura ne: gudun zuciya ɗaya suke bi. A gudun zuciya ɗaya kuwa, tazarar da ke tsakanin mai araha da mai tsada na tsara ɗaya ba ta kai ko kusa da tazarar farashinsu ba. Lokacin da suka fito, an sa wa i3-12100 kusan dala 122, i5-12400 dala 192, i9-13900K dala 589, Ryzen 9 7950X dala 699. Ninki biyar na kuɗi ba ya buɗe maka Excel da ninki biyar na sauri.

Sai zafi, wanda masu gwada kayan nan a YouTube ba sa rayuwa a cikinsa. Su a ɗaki mai sanyi suke gwaji, digiri ashirin da 'yan kai. Mu a Garwa da Marwa da Kusuri da Njamena, daga Maris zuwa Mayu digiri 40 abincin yau da gobe ne, kuma a shago mai rufin kwano da rana tsaka ya fi haka. Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗakin take hurawa. Duk digirin da ɗakinka ya ɗara nasu, kusan haka zafin farosesanka zai ɗara wanda ka gani a bidiyonsu. Idan a wurinsu i9 ya kai 90 yana aiki, a wurinka ya daki bango. Bangon Intel digiri 100 ne, na Ryzen 7000 kuwa 95. Da ya kai nan sai ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Ka biya kuɗin doki na sukuwa, zafi ya mayar maka da shi mai tafiyar sassarfa.

Lambobin wuta su ne ke bayyana dalili. An rubuta wa i9-13900K wat 125, amma wannan na zaman lafiya ne. In aiki ya yi nauyi Intel da kansa ya ce yana jan 253. Ryzen 9 7950X an rubuta masa 170, yana iya kai wa 230. Ƙaramin i3-12100 iyakarsa 89, i5-12400 kuma 117. Duk wat ɗin da ya shiga, zafi ne yake fita, kuma dole a sami inda za a zubar da shi. Waɗanda sunansu ya ƙare da K ba sa zuwa da fanka a kwali. Sai ka sayi katuwar mai ƙarfe biyu ko irin mai ruwa. Mai ruwan nan ina jin tsoronta a ƙasarmu, ba don ba ta aiki ba: famfo gare ta wanda ke iya mutuwa, ƙurar hunturu tana toshe ragarta cikin 'yan makonni, kuma ranar da ta tsaya ba za ka shiga kasuwa ka samo madadinta kafin la'asar ba, sai an aiko daga Duwala ko Yawunde ko a tsallaka Yola. Fankar ƙarfe kuwa in ta mutu, kowace mai faɗin santimita 12 za ta maye gurbinta.

Wutar lantarki ita ma tana da bakin magana. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo da ke kan Binuwai, mai megawat 72, kuma kowa ya san in ruwa ya ja baya da rani sai an yi ta rabon wuta unguwa-unguwa, ko da yake tashoshin sola na Marwa da Gidar sun ɗan rage nauyin. Don haka duk mai kwamfutar tebur a nan dole ya yi lissafin ondila, wato na'urar da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci in wuta ta ɗauke, da yawa kuma har da batir ko janareta. Ondilar da aka fi samu, mai VA 650, abin da take iya ɗauka bai kai wat 400 ba. Kwamfuta mai i3 ko 5600G da allonta da wuya su wuce wat 100 a aikin ofis, ondilar za ta riƙe su har ka adana aikinka ka kashe a natse. Amma i9 da babban katin hoto da allo, in suna fitar da bidiyo, suna iya haura 500. Wuta na ɗaukewa ondilar za ta yi ƙara ɗaya ta mutu tare da aikin awa biyu. Ke nan sai mai VA 1500 ko fiye. In kuma sola ce, ga lissafi mai sauƙi: batir mai amfiya 200 a bolt 12 yana ɗauke da wat-awa 2400, kuma in irin na dalma ne rabi kawai ya kamata ka sha don ya yi ƙarko. Wat-awa 1200 ke nan. Mai cin wat 100 za ta yi kusan awa goma, mai cin 500 awa biyu ce tata.

Shi ya sa nake cewa babban farosesa ba ya zuwa shi kaɗai, da ayarinsa yake tafe. Uwar allo (faifan da ake dasa farosesa da sauran kaya a kai) da za ta ciyar da shi wat 253 ba tare da ta yi zafi ba ba H610 mai araha ba ce, sai Z790 ko B760 mai kyau. Akwatin wuta sai na gaske mai wat 750 ko 850, ba irin marar nauyin nan da ke zuwa haɗe da keji, wato akwatin kwamfutar, ba. In AM5 ka bi, wato mazaunin Ryzen 7000 da ya fito a Satumba 2022, sabon ram irin DDR5 kaɗai yake karɓa, duk DDR4 ɗin da kake da shi ya tashi aiki. Da muka zauna da yaron nan muka jera waɗannan a takarda, sai ya ga kuɗin da ya tara za su ƙare a kan farosesa da masu yi masa hidima, ya koma da ram giga 16 da katin hoto mafi rauni. Ga mai haɗa bidiyo wannan gini ne mai katon zaure ba ɗakin kwana.

Akwai wani abu kuma da ya kamata duk mai kwaɗayin manyan Intel ya sani. A 2024 kamfanin ya amsa cewa manyan farosesoshinsa na tebur na tsara ta 13 da ta 14 suna da matsalar jan wutar da ta wuce kima, wadda ke lalata su sannu a hankali har kwamfuta ta riƙa tsayawa. Ya fitar da gyara ta hanyar sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin uwar allo, ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Gyaran yana kare wanda bai lalace ba, ba ya warkar da wanda ya riga ya taɓu. Ga wanda ke Faransa, mayar da kaya abu ne na gidan waya. Ga wanda ya sayi nasa a hannun ɗan kasuwar da ya ɗauko daga Dubai, garanti sau da yawa kalmar baka ce ta mako ɗaya ko wata ɗaya. Don haka i7 ko i9 na waɗannan tsararrakin, in na hannu ne, ni ba na ba kowa shawarar ya taɓa, komai arahar.

Kada a ce na rufe ƙofa. Akwai waɗanda babban farosesa hakkinsu ne, kuma in sun sayi ƙarami sun cuci kansu. Mai sutudiyo da ke fitar da bidiyon 4K kullum, abokan ciniki na jiran kaya a ranar; mai zanen gine-gine da ke barin na'ura tana fitar da hoton gini dare guda; injiniya ko ɗalibin makarantar kimiyya da fasaha ta Marwa da ke gudanar da lissafi mai cin sa'o'i; mai rubuta manhaja da ke kunna kwamfutoci uku a cikin ɗaya. A wurin waɗannan, aikin awa uku ya koma awa ɗaya kuɗi ne a hannu, kuma nan ne sayen nagari ke mai da kuɗi gida. Sharaɗina a gare su biyu ne: ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da wutar da ba ta dogara da sa'a. In waɗannan sun samu, ni na fi karkata ga Ryzen 9, don zuciyoyinsa duk manya ne kuma ana iya rage masa cin wuta daga BIOS zuwa wat 105 ba tare da ya yi asarar gudu mai yawa ba. Ryzen 9 7900 marar X ma wat 65 aka rubuta masa da zuciya 12, kamar don mu aka yi shi.

Masu wasan kwamfuta kuwa maganarsu gajeriya ce. Ryzen 7 7800X3D da yayansa 5800X3D suna da ma'ajiyar kusa, wato 'yar ma'ajiyar da ke cikin farosesan kansa, mai mega 96 wadda wasanni ke so ƙwarai, amma sai katin hotonka ya kai babba kafin ka ga amfaninta. In katin matsakaici ne, Ryzen 5 5600 ko i5-12400F sun wadatar, ka zuba sauran kuɗin a katin.

Abin da na fi so mutane su duba shi ne tsakiya, inda kasuwarmu ba ta cika waiwaya ba saboda sunan ba ya burge kunne. Ryzen 7 5700X zuciya takwas ne, wat 65, yana hawa tsohon mazaunin AM4 da DDR4. Shi AM4 ɗin nan tun 2016 yake, kuma wannan alheri ne ga talaka: ka fara da 5600G yau a kan uwar allo B550, in aiki ya buɗe ka sa katin hoto ka cire shi ka dasa 5700X ko ma 5950X mai zuciya 16, ba ka canza uwar allo ba, ba ka canza ram ba. A ɓangaren Intel, mazaunin LGA1700 yana ɗaukar tsara ta 12 da 13 da 14, daga nan ya tsaya, sababbin Core Ultra na 2024 wani mazauni suka koma.

Ɗan yayata kuwa, Core i5-13500 muka ɗaukar masa. Zuciya 14 ne, shida manya takwas ƙanana, zare 20, wat 65 a zaune, iyakarsa 154. Na zaɓi Intel a nan saboda ɓangaren hoton cikinsa yana da abin da ake kira Quick Sync, wanda ke ɗauke nauyin karanta bidiyon H.264 da H.265, irin wanda kyamarori da wayoyi ke ɗauka, don Premiere, manhajar haɗa bidiyo, ya daina tsalle-tsalle lokacin yanka. Wannan ma wani dalili ne da mai bidiyo zai guji F. Muka ɗora shi a uwar allo B760 mai DDR4, ram giga 32, NVMe tera ɗaya, katin RTX 3060 mai giga 12, fankar ƙarfe doguwa a maimakon 'yar ƙaramar da ta zo a kwali, da ondila babba. Da farko ransa bai so ba. Ya ce, "Kawu, abokaina za su ce i5 kawai na iya saye." Na ce masa, "Ɗana, amarya da ango bidiyonsu za su kalla, ba wanda zai buɗe keji ya karanta lamba." Da ya ga sauran kuɗin sun isa makirfo mai kyau da dis na biyu na ajiyar aikin mutane, sai ya yi shiru.

Ranar saye, ko a Garwa ne ko Gaundare ko Njamena, kada ka tsaya a kan tambarin da aka manna. A kunna na'urar a gabanka, ka buɗe Task Manager ko CPU-Z ka karanta cikakken suna da yawan zuciya. Ka nemi a bar ta tana aiki mai nauyi minti goma sha biyar kana kallon zafinta a HWMonitor. In ta hau 95 nan da nan, sau da yawa ko man da ke tsakanin farosesa da fanka ya bushe, ko fankar ta yi masa kaɗan. In farosesan kaɗai za ka saya, na AM4 ƙafafunsa a jikinsa suke, ka juya shi a haske ka duba ko akwai wadda ta lanƙwashe. Na Intel da AM5 kuwa ƙafafun a uwar allo suke, can za ka duba. Kuma ka sa mai shago ya rubuta maka lambar kayan da kwanakin garanti a kan rasit.

In ka kai ta gida, kada ka ajiye keji a ƙasa inda tsintsiya ke tura masa ƙura, ka ɗaga shi kan tebur, ka bar taki ɗaya tsakaninsa da bango. Daga Disamba zuwa Fabrairu, duk wata ɗaya ka cire wuta, ka buɗe murfin, ka riƙe fankar da yatsa don kada ta juya, ka hure ta da abin hura iska. Yaron nan yakan kawo mini tasa a bayan babur kafin zafin Maris ya kankama, mu goge tsohon man mu shafa sabo.